Waziri Junaidu (1906–1997): Shari'ar Haraji da Tarihin Ƙasa a Mahangar Maradun da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce tunawa da rayuwar Wazirin Sakkwato, Alhaji Junaidu ɗan Waziri Buhari, Allah ya ji ƙansa, ta wata fuska wadda ba a faye kallonsa ta nan ba. Galibin waɗanda suka yi magana a kansa sun ɗauke shi ko dai malamin Larabci kuma mawaƙi, ko kuwa marubucin tarihin Daular Usmaniyya. Duk wannan gaskiya ne. Amma Waziri masanin shari'a ne, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana zaune a majalisar wata hukuma wadda haraji da jangali su ne ƙashin bayan Baitulmalinta. Shi ba lauya ba ne irin na Ingilishi mai riga da hular gashi. Fiƙihun Malikiyya ya karanta a zaure, kuma da shi ya yi aiki.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, a ƙasar Sakkwato da Zamfara sanin hukuncin abin da hukuma ke karɓa daga talaka da sanin tarihin gari ilmi ɗaya ne. Ba a iya yanke hukunci a kan wanda zai biya, da abin da zai biya, da wanda za a biya, sai an san wanda ya sari dajin, da yadda garin ya shiga ƙarƙashin wane, da alkawarin da aka ɗauka a lokacin. Za a bi wannan magana ta hanyar rayuwar Waziri da gidan da ya fito, tare da misalai daga Maradun da Talatar Mafara da Bakura, domin a wannan yanki ne aka yi wasu muhimman abubuwa da suka shafi zancen.

2.0 Gidan da ya fito

An haifi Junaidu a Sakkwato a shekarar 1906, watau shekara uku bayan Turawan Ingila sun ci garin a watan Maris na 1903. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, wanda ya riƙe wazirci daga 1886 zuwa 1910. Buhari ɗan Ahmadu ne, Ahmadu kuwa ɗan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ke nan Junaidu tattaɓa-kunnen Giɗaɗo da Asma'u ne, kuma duka biyun marubuta ne. Giɗaɗo ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wazirci tun daga 1817, shi ne kuma mai littafin Raulul Jinani a kan rayuwar Shehu.

Ya kamata a fahimci aikin Waziri a ƙarni na 19, domin daga nan ne gadon takardu ya samo asali. Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, kamar Kano da Zazzau, zuwa ga Sarkin Musulmi. Ta hannunsa wasiƙu ke shiga da fita. Yakan fita rangadi, ya sasanta rikici, ya kai takardar naɗin sarki, ya kuma kula da abin da masarautu ke aikowa Sakkwato kowace shekara. Mai irin wannan aiki dole ya ajiye takarda, kuma dole ya riƙe tarihi a ka. In sarakuna biyu suka yi jayayya a kan wani ƙauye na kan iyaka, ainihin abin da ake jayayya a kai shi ne wa zai karɓi zakkar ƙauyen da kuɗin ƙasarsa. Ba a raba wannan gardama sai da labarin yadda aka ci ƙauyen ko yadda aka kafa shi.

Sa'ad da Turawa suka shiga Sakkwato sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari. Wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1927. Shi kansa Buhari, bayan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, ya zaɓi ya zauna da jama'ar da suka rage, ya kuma rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa ta shari'a a kan yin haka. Wannan ya nuna ɗabi'ar gidan: duk matakin da aka ɗauka a mulki, sai an nemo masa hukunci, an rubuta, an ajiye domin na baya.

Buhari ya rasu Junaidu yana ɗan shekara huɗu, saboda haka a hannun 'yan'uwan mahaifinsa da yayyensa ya tashi. Ya yi karatun allo da na ilmi a wajen malaman Sakkwato, ya ƙware a fiƙihu da nahawu da lugga da aruli. A 1934 ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato, daga baya ya koyar a makarantar horar da mata ta garin. Daga nan aka ɗauke shi mai ba da shawara a kan shari'a a majalisar Sarkin Musulmi Abubakar na uku. A 1948 ya gaji wansa Abbas a sarautar Waziri, ya kuwa riƙe ta har rasuwarsa ranar 9 ga Janairu, 1997. Ya yi wa Sarakunan Musulmi uku wazirci: Abubakar na uku, da Ibrahim Dasuƙi, da Muhammadu Macciɗo.

3.0 Haraji a tushen jihadi

Domin a gane ilmin da Waziri ya gada, sai a koma baya ga ƙarshen ƙarni na 18, a ƙasar Zamfara. Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari sun rushe Birnin Zamfara a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa a ƙasar da suka ci. Bayan haka da kamar shekara ashirin Shehu Usmanu ya shigo Zamfara yawon wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar, ya kuma zauna a Faru. A wannan lokaci ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta. Huɗu sun shafi 'yancin yin wa'azi, da barin duk mai son amsa kira ya amsa, da girmama masu rawani, da sakin fursunoni. Na biyar shi ne a sassauta wa talakawa haraji. Labarin ya zo a rubuce-rubucen mutanen jama'a, har da na Waziri Giɗaɗo. Mahalarta wannan taro sun san cewa a ƙaramar hukumar Maradun akwai mazaɓa mai ɗauke da sunayen nan biyu, Faru da Magami.

Bayan jihadi ya kankama a 1804, shugabannin jama'a sun rubuta hukuncin dukiyar hukuma dalla-dalla. A littafin Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu, an jera abubuwan da sarakunan Hausa ke ƙaƙaba wa mutane ba bisa shari'a ba, aka ambace su da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa. Sa'an nan aka kawo hanyoyin da shari'a ta yarda Baitulmali ya sami kuɗi ta nan, waɗanda suka haɗa da humusin ganima, da ushira, da jizya, da harajin ƙasa, da dukiyar da ba ta da magaji ko aka rasa mai ita. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗaɗa wannan bayani a Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano wajen 1806 da mutanen garin suka roƙe shi. Har wa yau ya rubuta Ta'alimur Rali a kan hanyoyin da mutum ke mallakar matacciyar ƙasa, watau dajin da ba na kowa ba.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana rataye ne a kan wata tambaya ta tarihi. Fiƙihu ya bambanta ƙasar da aka ci da yaƙi, da wadda aka yi sulhu da mutanenta, da wadda mutanenta suka musulunta a kanta. Abin da ake karɓa a kowace daban ne. Haka kuma gonar da mutum ya raya daga daji hukuncinta ya saɓa da wadda aka ba shi aro. Alƙalin da bai san labarin gari ba, ba shi da abin da zai ɗora hukunci a kai.

Zamfara ta kuma ba da darasi na biyu. Da farko Zamfarawa da yawa sun goyi bayan jama'a saboda ƙiyayyarsu da Gobir. Amma da rundunar jama'a ta sauka a ƙasarsu a 1805 cikin yunwa, mayaƙa suka riƙa ɗibar abincin mutane, sai zukata suka juya, garuruwa da dama suka ɓalle. Marubutan jama'a ba su ɓoye wannan ba. Ko a ƙarshen ƙarnin, a farkon zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman wanda ya hau a 1891, an yi saɓani tsakanin Sakkwato da Mafara har aka kai ga yaƙi. Dangantakar Sakkwato da garuruwan Zamfara, saboda haka, ba iri ɗaya ba ce: akwai garuruwan ribaɗi da aka kafa domin tsaron iyaka, akwai kuma tsofaffin sarautun Zamfarawa da Burmawa da aka bar su a kan gadonsu bisa sharaɗi. Mai son fahimtar abin da kowane gari ke kaiwa Sakkwato sai ya san ajin da garin yake ciki.

4.0 Zamanin Turawa: mai ƙiyasin haraji ya zama marubucin tarihi

Turawa sun zo da bukatar kuɗi tsaba. Dokar kuɗin shiga ta 1906, wadda Lugga ya kafa, ta nemi a haɗe kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa a da su zama haraji guda, a raba shi tsakanin gwamnati da sarakuna. Zuwa 1911 an kafa Baitulmali a manyan masarautu, aka yanka wa sarakuna da ma'aikatansu albashi. An karkasa ƙasa gunduma-gunduma, aka tilasta wa masu sarauta su zauna a gundumominsu. A nan Sakkwato shugaban gunduma shi ake kira uban ƙasa, na ƙarƙashinsa kuwa hakimi, saɓanin yadda ake faɗa a Kano. Jangali, wanda Kitabul Farƙi ya soka, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin En'e.

Kafin a yanka wa gunduma haraji, sai a tura wani jami'i, yawanci ƙaramin Di'o, ya zaga ta tare da malamai. Yana ƙidaya mutane da dabbobi, yana auna gonaki, yana tambayar farashin gero da dawa da auduga a kasuwa. Rahoton da yake rubutawa kusan kullum yana farawa da babi a kan tarihin gundumar: asalin mutanenta, da jerin sarakunanta, da wanda suke bi a da. Ba don sha'awar tarihi ake yin wannan ba. Ana yi ne domin a san wanda za a ɗora wa nauyin tara kuɗin, da ƙauyukan da za a sa a ƙarƙashinsa. Daga irin waɗannan rahotanni aka harhaɗa kundin lardin Sakkwato da E. J. Arnett ya buga a 1920, kuma yawancinsu suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Wannan tarihi na masu haraji yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne ya kama bayanin dattawan da suka ga ƙarni na 19 da idonsu. Illarsa kuwa, duk mai ba da labari ya san abin da labarinsa zai jawo. Gidan sarautar da ke son a ba shi gunduma zai tsawaita jerin kakanninsa. Ƙauyen da ke son ya rabu da uban ƙasa zai ce shi tun asali bai taɓa bin kowa ba. Makiyayi zai rage yawan shanunsa, mai unguwa zai ɓoye baligai. Baturen kuma ta bakin tafinta yake ji. Saboda haka aka sami tarihi wanda bukatar haraji ta tanƙwara shi, sa'an nan aka buga shi a littafi, na baya suka ɗauke shi tamkar yankan wuƙa.

Yadda jangali ya zama makami a siyasa ya fito fili a 1943, lokacin da aka tuhumi Sardauna Ahmadu Bello, yana aiki a Gusau, da taɓa kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi. Wannan ya faru shekara biyar kafin Junaidu ya zama Waziri, kuma ya isa ya nuna nauyin da maganar haraji ke da shi a hukumar da ya shiga.

5.0 Aikin Waziri a shari'a da tarihi

A fagen shari'a, babban abin da aka fi tunawa da shi shi ne aikin da ya yi gab da samun mulkin kai. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta gayyaci wani kwamitin masana shari'a, a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, domin a duba tsarin kotuna. Daga shawarar kwamitin aka tsara kundin dokokin laifuffuka na Arewa. Kafin a zartar da shi sai da aka miƙa daftarin ga wani rukunin malaman fiƙihu wanda Waziri Junaidu ya shugabanta, suka bi shi suna auna shi da littattafan Malikiyya. Kundin ya fara aiki a 1960. Aikin ya bukaci mutumin da ya san nassin littafi, ya kuma san yadda alƙalan ƙasar suka saba aiki da shi tun zamanin Bello.

A fagen tarihi, ya tattara labaran da ke warwatse a littattafan magabata ya shirya su a littafinsa na Larabci, Labɗul Multaƙaɗati. Wannan ne aka fitar da Hausa da sunan Tarihin Fulani, aka buga a Zariya a shekarun 1950. Sunan littafin na Larabci kansa ya bayyana hanyar aikinsa, domin ma'anarsa tsare abubuwan da aka tsinto. Yakan kawo abin da Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri, da abin da Abdullahi ya faɗa a Tazyinul Waraƙati, da abin da ya samu a takardun gidansu, ya jera su bisa zamanin kowane Sarkin Musulmi. Wannan tarbiyyar mai fiƙihu ce, wanda aka koya wa kada ya karɓi magana sai ya san mai ita. Ban da wannan ya rubuta labaran tafiye-tafiyensa, da waƙoƙin Larabci masu yawa, da littafi a kan harshen Fulatanci.

Wani aikin da ya kai rubutunsa muhimmanci shi ne buɗe ƙofar gidansa ga masu bincike. A farkon shekarun 1960 Murray Last, ɗalibi daga Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin kulawar Farfesa Abdullahi Smith, ya zauna a Sakkwato yana karatu a wajen Waziri, yana duba wasiƙun gidan. Littafin da ya fito daga wannan bincike a 1967, The Sokoto Caliphate, ya sauya yadda ake karantar da tarihin daular, domin ya dogara da takardun mutanen daular kansu fiye da rahotannin Razdan da Di'o. Haka kuma Jean Boyd ta sami yawancin waƙoƙin Nana Asma'u a wajensa, ta buga tarihin rayuwarta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1971, kuma hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato tana ɗauke da sunansa.

Akwai iyaka ga abin da Waziri ya rubuta, kuma faɗin ta ba rage masa daraja ba ne. Tarihinsa daga fadar Sakkwato yake kallon ƙasa. Garuruwan Zamfara suna shigowa cikinsa ne galibi idan an kai musu yaƙi, ko an kafa ribaɗi, ko wani malami ya fito daga cikinsu. Masu son jin muryar Zamfara ta kanta sun koma ga wasu ayyuka, kamar littafin Bajamushe Kurt Krieger na 1959, da kundin digirin Garba Nadama na Jami'ar Ahmadu Bello na 1977 a kan tasowa da faɗuwar daular Zamfara. Amma ko waɗannan sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi. Tarihin gona da fadama da burtali da mashaya, gari-gari, shi ne wanda ya fi ƙaranci a rubuce, shi ne kuma wanda shari'a ta fi bukata.

6.0 Abin da ya biyo bayan raba ilmin biyu

Tsarin da Waziri ya yi aiki a ciki ya wargaje a gaban idonsa. An ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi Jihar Sakkwato, aka kuma kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, jama'a kuwa suka yi murna, domin an daɗe ana wulakanta talaka a wajen karɓarsu. Wannan koke gaskiya ne, kuma ya yi daidai da abin da aka nema a Magami. Sai dai tare da harajin ne ake ƙidayar shekara-shekara, inda mai unguwa ke sanin kowane magidanci da baƙon da ya sauka, ake kuma sanin kowace ruga da arɗonta. Da ƙidayar ta mutu ba a kawo wani abu a gurbinta ba.

Misali mafi zafi a wannan yanki shi ne na Bakolori. An kammala madatsar ruwan a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka a sama, a ƙasa kuma aka baje gonakin mutane da manyan motoci domin shirin ban-ruwa. Da aka baje ƙasa, iyakoki sun tafi: itacen da aka sani, da kunyar da kakanni suka yi, da dutsen da aka kafa. Da aka zo mayar wa manoma gonaki da biyan diyya sai gardama ta tashi a kan wa ke da ina da kuma nawa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu, aka kashe mutane. Adadin da gwamnati ta faɗa kaɗan ne, masu bincike kuwa sun kai shi ɗaruruwa. Dalilan wannan masifa suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne an taɓa ƙasa ba tare da an tsaya an rubuta tarihin mallakarta daga bakin masu ita ba.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, wata uku kafin rasuwar Waziri. A shekarar 2000 jihar ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka, ta kuma kafa hukumar zakka da waƙafi. A 'yan shekarun nan kuwa, ƙauyuka da yawa a Zamfara, har da na wannan yanki, sun sami kansu suna tara kuɗi suna kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi, kuma abin takaici, sunan haraji ake kiran wannan kuɗi da shi. A ma'aunin Kitabul Farƙi wannan ƙwace ne tsagwaronsa, domin babu hukuncin da ya halatta shi, babu haƙƙin da mai biya ke samu. Daga cikin tushen rikicin akwai jayayya a kan burtali da makiyaya da aka nome, alhali tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Duk ranar da aka zauna sulhu na gaskiya, tambayoyin da za a fara yi na tarihi ne: ina burtalin ya bi, yaushe aka toshe shi, wa ya ba da izini.

7.0 Kammalawa

An ga yadda gidan Waziri ya haɗa riƙon shari'a da riƙon tarihi tun daga Giɗaɗo, da yadda Junaidu ya ɗauki wannan gado ya tsare shi kusan shekara hamsin a kan sarauta, ya kuma miƙa shi ga masu bincike. An ga kuma cewa a Maradun da Mafara da Bakura maganar abin da ake karɓa a hannun talaka da maganar wa ke da ƙasa sun daɗe suna tafiya tare, daga Magami har zuwa Bakolori.

Shawarar da wannan takarda ke bayarwa ga malaman jami'a da ɗalibansu ita ce a yi wa garuruwan nan irin aikin da Waziri ya yi wa Sakkwato. Akwai tsofaffin rasiɗan haraji da na jangali a cikin adakokin mutane. Akwai littattafan shari'a na kotunan alƙalai, inda aka rubuta rabon gado da jayayyar gona da sunayen shaidu. Akwai wasiƙun Larabci da na ajami a gidajen sarauta da na limamai. Akwai dattawan da suka yi malantar haraji ko suka bi ayarin ƙidayar shanu, waɗanda suka san kowane burtali da ƙafarsu, kuma kullum raguwa suke yi. Gara da ruwan sama suna cin takarda, ƙauyen da aka tasa kuwa ba ya tsayawa kwashe adaka. Ya kamata sassan tarihi da na shari'a da na Hausa su haɗa kai, a ɗauki hoton waɗannan takardu a bar wa masu su asalinsu, a naɗi muryoyin dattawan manoma da na makiyaya baki ɗaya, a gwada su da rahotannin da ke Kaduna, a kuma rubuta sunan wanda ya faɗi kowace magana da ranar da ya faɗe ta, kamar yadda masu fiƙihu suka koyar.

Allah ya gafarta wa Waziri Junaidu, ya saka masa da alheri, ya ba ƙasar Zamfara zaman lafiya.